Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwan fitila da gidan da ake son sayarwa

Gida zan sayar. Dillali ya ɗauki hotuna, ya ce falona ya fito kamar ɗakin asibiti, ɗakin kwana kuma ya yi duhu. Ba ni da halin sake fenti, abin ya hana ni barci. Ya zan yi?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, da wuya a ce laifin fenti ne. Ɗauko kwalin ƙwan da ke falon ki duba, za ki ga wata lamba da harafin K a ƙarshenta. Ma'aunin Kelvin ke nan, shi ke nuna launin hasken. Idan lambar ta yi ƙasa hasken yakan karkata zuwa rawaya, idan ta yi sama sai ya yi fari fat har da ratsin shuɗi. Kyandir bai kai 2000K ba, tsohon ƙwai mai zare a ciki yana wajen 2700K, wanda ake rubuta wa hasken rana kuwa daga 5000K ne zuwa 6500K. Ina kyautata zaton 6500K ne a falonki. Irin wannan haske yana kashe fenti mai ruwan madara, ya dusashe katako, ya fito da duk wani tabo da ke bango, fuskar mai kallo ma sai ta yi kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

Ki sa 2700K ko 3000K a falo da ɗakunan kwana. Kicin da banɗaki za su iya ɗaukar 4000K, domin can tsabta ake son gani. Idan lissafin ya yi miki yawa, ki sa 3000K ko'ina ki huta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗa launi biyu a ɗaki guda. Ido yakan yi haƙuri, amma kamara launi ɗaya take iya daidaitawa, shi ya sa rabin bango ke fitowa rawaya rabi shuɗi a hoto. Ranar da masu saye za su zo, ki yaye labule, ki goge ƙurar fitilun, ki kunna su duka tun kafin su shigo.

Na sayo ƙwayayen da aka rubuta wa wat mai yawa, masu araha, na cika gidan da su. Har yanzu ɗakunan dishi-dishi, wasu ma ƙyaftawa suke yi. Ina matsalar take?

Malam, jabu ka kwaso, kuma na gaji da maimaita wannan magana. Wat ba haske yake aunawa ba, wutar da ƙwan ke sha ce. Hasken kansa da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, ƙwan zamani da ake kira LED, idan na gaske ne, da wat 8 zuwa 10 yake ba da hakan. Masu jabu sun san ido kan wat yake faɗawa, sai su buga ƙatuwar lamba a kwali, su bar lumen da K ko dai babu, ko kuma na ƙarya. Ka sayi guda shida a kwali iri ɗaya, ka kunna, ka ga kowane da launinsa. Araha ba ta ado.

Akwai wata lambar da ba kowa ke dubawa ba, CRI, wadda ke nuna yadda ƙwan ke fito da ainihin launin kaya, ƙarshenta 100. Kada ka sayi wanda bai kai 80 ba, idan ka samu 90 ya fi. A ƙarƙashin ƙwai mai ƙarancinta jan kafet komawa yake kamar ƙasa-ƙasa, tayil mai kyau ya yi kamar ya tsufa. Mai saye ba zai ce ƙwai ne ba, cewa zai yi gidan ya sha jiki, ya rage maka kuɗin da ya ninka abin da ka yi tsiminsa sau nawa.

Kafin ka biya, a kunna maka. Ka haska shi da kamarar waya: idan ka ga layuka suna gudu a fuskar wayar, yana ƙyaftawa, kuma haka zai yi a bidiyon dillali. Ka ɗora tafin hannunka a ƙarƙashinsa ka ga ko launin fatarka ya sauya. Ka sayi guda ɗaya tukuna, ka gwada shi a ɗakin da dare, sannan ka koma ka ɗauko sauran daga kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Kwalin da ba sunan kamfani, ba K, ba lumen, ka bar wa mai shago kayansa. Kuma kada wannan ya sa ka koma ɗaya gefen, ka zuba kuɗi a fitilun da ake sarrafawa da waya a gidan da za ka fita ka bari.

Bangon ɗaki ɗaya yana da damshi. Idan na sa shuɗin ƙwai mai ƙarancin haske, zai ɓoye?

Ba zai ɓoye ba. Mai saye yana da hanci, yana da tocila a wayarsa, kuma da zarar ya ga ɗaki ɗaya ya bambanta da sauran, can zai fara dubawa. Kira mai gyara ya nemo inda ruwan ke shiga, ko ka faɗa wa mai sayen gaskiya ku daidaita a kan farashi.