Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan sunan Iskandar

Wa alaikumus salam 'yar uwa, barka da sauka, Allah ya raya mana shi kan sunna ya ƙara miki lafiya. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, kin ce maigidanki na so a raɗa wa jaririn Iskandar saboda ya ji an ce sunan Zulƙarnaini ne na cikin Suratul Kahfi, ke kuma kin duba a intanet kin ga an ce sunan Girkawa ne wai Alexander, shine kike neman ma'anarsa da asalinsa da ko ana sa shi da yawa. Na ce bari in bari sai da safe in zauna in rubuto miki a natse, don wannan suna na san shi ciki da bai, na yi shekaru ina karatu a garin da ke ɗauke da shi a Masar, sannan akwai ɗan ƙanena da aka sa wa shi a gidanmu.

Abin da kika gani gaskiya ne, sunan Girkanci ne tsantsa. Su suna cewa Alexandros, kalma biyu ce aka haɗe, ta farkon na nufin kārewa ko kore sharri daga wani, ta biyun na nufin namiji ko mutum. In za a faɗe shi da Hausa sai a ce garkuwar jama'a, ko mai kare mutane. Kinga ta fannin ma'ana babu abin ƙi ko kaɗan, bai ƙunshi sunan wani gunki ba kamar wasu sunayen nasu, misali Dimitrios da ke jingine da wata abar bautarsu ta noma. Kuma tsohon suna ne sosai, ya girmi sarkin da ya shahara da shi da kusan shekara 1000, don akwai wata yarjejeniya da sarkin Hittiyawa ya ƙulla wajajen 1280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da wani sarki mai suna Alaksandu a ƙasar da yanzu take Turkiyya.

Wanda ya baza sunan a duniya dai shi ne sarkin Makidoniya, an haife shi a garin Pella shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa, babansa sarki Filibus, malaminsa kuma Aristotle. Yana ɗan shekara 20 ya hau mulki, ya ci daular Farisa, ya shiga Masar, ya nausa har bakin ƙasar Hindu, ya rasu a Babila yana da 32 kacal. Duk inda rundunarsa ta taka sai sunan ya tsaya a bakin mutanen wurin, kowa ya lanƙwasa shi yadda harshensa zai iya. Larabawa da suka ji Al a farkonsa sai suka ɗauka irin alif da lam ɗinsu ne, suka cire shi, saura ya zama Iskandar, daga nan ne garin Iskandariyya da ya kafa a Masar a 331 kafin haihuwar Annabi Isa ya samo suna. Mutanen Indiya da Pakistan su ce Sikandar, Turkawa Iskender, Habashawa ma sun yi sarki Eskender, a Italiya Alessandro, a Sifen Alejandro, a Rasha kuma in kin ji ana kiran namiji Sasha to shi ne aka gajarce.

Batun Zulƙarnaini kuwa nan nake so ki nuna wa maigidan ya karanta da kansa, don ni ma da wannan fahimtar na tafi Masar. Alƙur'ani bai ambaci Iskandar ba, laƙabin Zulƙarnaini kawai ya zo daga aya ta 83 zuwa ta 98, wato ma'abocin ƙaho biyu. Wasu malaman tafsiri na da sun ce shi ne, kuma akwai abin da ya ja hankali wajen, don tsofaffin kuɗin azurfa da aka buga bayan mutuwarsa suna ɗauke da kansa da ƙahon rago a gefen kunne, na taɓa tsayawa gaban irin kuɗin a gidan tarihi na daɗe ina kallo, ɗan ƙarami ne amma ƙahon ya fito ɓaro-ɓaro ya murɗe ta bayan kunnen. Sai dai wannan ƙahon alamar Amun ce, abin bautar Misirawan da, wanda bokayen Siwa, wani gari a hamadar Masar, suka ce masa wai shi ɗansa ne. Shi ya sa Ibn Kasir da Ibn Taimiyya suka tsaya kai da fata cewa mutum biyu ne daban, Zulƙarnaini bawan Allah ne mumini mai adalci, shi kuwa na Makidoniya mai bautar gumaka ne. Daga baya ma wani malamin Indiya, Abul Kalam Azad, ya ce Sairus sarkin Farisa ya fi dacewa da siffar. To in dai niyyar maigidanki albarkar wancan bawan Allah yake nema, sunan Zulƙarnaini kai tsaye ya fi kai shi inda yake so, kuma ana sa shi a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne. In kuma daɗin sunan da ma'anarsa yake so, musulmi da yawa suna amsa shi, a Aceh ta Indunusiya an yi Sultan Iskandar Muda da ya yi mulki daga 1607 zuwa 1636, sarkin Maleshiya da ya hau a 2024 ma Ibrahim Iskandar ake ce masa.

Shahara kam ba a magana. Sarakunan Rasha uku, na Sikotland uku, ga fafaroma da dama, ga Alexander Fleming da ya gano maganin penisilin a 1928, in maigidan mai kallon ƙwallo ne ya san Alex Ferguson da Alex Iwobi, nan gida ma mataimakin Shagari daga 1979 zuwa 1983 Alex Ekwueme ne, duk Alexander ne aka datse. A Amurka ya shiga cikin sunaye goma da aka fi sa wa yara maza wajajen 2009. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a Girka kanta ba shi ne kan gaba ba, Georgios da Ioannis da Konstantinos da Dimitrios da Nikolaos sun fi shi yawa. Dalilin na ji shi ne daga bakin wani dattijo Bagirke mai shagon kofi da kayan zaƙi a Iskandariyya, cikin 'yan tsirarun da suka rage daga Girkawan garin, kullum in na je yana zaune bayan kanta da carbinsu na wasa a hannu yana kaɗawa. Ya ce su ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba ake ba shi, na biyu na wajen uwa, shi ya sa sunaye kaɗan suke ta zagayawa cikin dangi. Na ce masa ai mu ma haka muke mayar da suna, sai mu sakaya mu ce Abba ko Baba. Shi ya gaya min kuma ranar 30 ga Agusta ce ranar masu suna Alexandros, don su ranar waliyyin da mutum ya ci sunansa ta fi ranar haihuwa muhimmanci, mai sunan shi ke raba wa mutane alewa suna yi masa fatan shekaru masu yawa.

Saura abin da ba za ki samu a intanet ba, wato yadda sunan ke zama a bakin Bahaushe. Ƙanena ya sa wa ɗansa Iskandar da zuciya ɗaya, ranar suna kowa na yabawa ana cewa sunan manya. Ba a yi wata ba tsofaffin gidan suka gajarce shi, kuma kin san inda za a datse, Iska. Yana ƙarami ba wanda ya damu, sai da ya shiga islamiyya yana ɗan shekara shida, wata rana da yamma ina zaune a zaure ya shigo da allonsa a hammata ido jajur ya wuce ni ko gaisuwa babu, na bi shi na tarar ya kifa kai a cinyar uwarsa yana sheshsheƙa, wai yara sun bi shi tun daga makaranta har lungunmu suna tafi suna ce masa ɗan iska. Wallahi ranar raina ya ɓaci ba kaɗan ba, don yaro ne mai natsuwa da kunya, ba shi da bakin ramawa. Kusan sati yana ƙin zuwa makaranta sai an raka shi. Daga ƙarshe kakarsa ce ta yanke, ta ce daga yau Amir za a riƙa ce masa, aka je aka gaya wa malaminsu, a hankali abin ya lafa. Yanzu ya zama saurayi yana son sunansa sosai, shi da kansa yake ba abokansa tarihinsa, amma Iskandar ɗin a takarda kawai yake, duk unguwa Amir suka sani.

Ban ce kar ku sa ba, ni kaina ina son sunan har gobe. Shawarata in kun tsaya a kansa ku zaɓi laƙabin da za a riƙa kiransa da shi tun ranar suna kafin mutane su zaɓa muku, ku faɗa wa kakanni da masu raino, kuma ku tsayar da rubutu ɗaya a takardar haihuwa, Iskandar da a ba Iskander ba, don namu sai da muka yi ta zirga-zirgar gyara wani harafi ɗaya lokacin da zai rubuta jarrabawar fita sakandare. In kuma 'yan uwanmu Kiristoci da ke nan ne ke sha'awarsa, su Alexander ɗin kai tsaye ba shi da wannan matsalar, Alex za a ce masa, kuma dama sun saba da sunayen Girkanci irin su Bitrus da Istifanus da Andarawus da Filibus.

Ki gaida maigidan da mai jego wato ke kanki, ki shafa min kan jariri. In an raɗa ki dawo ki gaya mana wanda aka zaɓa.