Wai na ci Powerball, amma sai na biya haraji kafin a turo

Ɗan'uwa, ka ce an turo maka saƙo ta WhatsApp wai lambar wayarka ta ci Powerball ta Amurka, amma sai ka fara biyan haraji kafin a sako maka kuɗin. Kada ka tura ko sisi, 'yan damfara ne. Ita wannan caca tikiti ake saya dala 2, mutum ya zaɓi lambobi biyar daga 1 zuwa 69, da ɗaya daga 1 zuwa 26. Ba ruwanta da lambar waya. Wanda bai yanki tikiti ba, ta ina zai ci? Balle ma damar cin babbar kyautar ɗaya ce cikin sama da miliyan 292.

Maganar harajin ita ta fi tona musu asiri. Ko wanda ya ci da gaske, daga cikin kuɗin ake cire haraji kafin su shigo hannunsa, ba daga aljihunsa ba. Ƙanena ma irin wannan damfarar aka yi masa. Ya sayar da akuyoyinsa biyu ya tura, suka ce saura kuɗin lauya, da ya ce ba shi da su sai layin ya daina shiga. Toshe lambar, kuma kada ka ba su hoton katin shaidarka ko lambar BVN.