Amsa: Zanzibar za ta yi wa sabon mai nutso?

Malam, ka ce satin jiya ka karɓi takardar shaidar nutso cikin teku da tukunyar iskar numfashi, ta matakin farko, kana tambaya ko Zanzibar za ta yi maka. Za ta yi, amma ba kowane wuri ba.

Ka sauka a Nungwi ko Matemwe, garuruwan bakin teku a arewacin Zanzibar, ka nemi jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Mnemba. Ruwan wajen garau ne, ɗuminsa tsakanin digiri 25 da 29, kuma murjani da kifaye kala-kala da kunkurun ruwa duk za ka same su tun kafin ka kai mita 18, wanda shi ne iyakar zurfin da takardarka ta yarje maka. Aibinsa ɗaya, cunkoson jirage, don haka ka fita da sassafe.

Inda zan ja maka kunne shi ne Leven Bank (wani tudu a ƙarƙashin teku, arewa da Zanzibar) da tsibirin Pemba. Can ruwa na ja da ƙarfi, ga gangare mai zurfi da ba ka ganin ƙarshensa. Wanda bai gama iya tsayar da jikinsa a tsakiyar ruwa ba, sai ya tsinci kansa ya zarce ƙasa bai sani ba, iskar tukunyarsa kuma ta ƙare da wuri. Ko masu kai mutane nutso sun ce maka ba komai, ka ce a'a.

Ka guji Afrilu da Mayu, lokacin damina ne. Sannan idan ka yi nutso fiye da sau ɗaya, ka bar aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama.