Hukuncin aikin tallar injinan sito, da abin da ya wajaba mai farawa ya sani

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, wani kamfani a Kano mai sayar da kayan aikin sito ya ɗauke ni aiki. Suna sayar da fokilif, wato motar ɗaga kaya mai ƙaho biyu, da kurar jan falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, da kantocin ƙarfe. Aikina in riƙa zagaya masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa ina nemo masu saye. Albashin kaɗan ne, sai kamasho a kan abin da na sayar. Ni kasuwanci na karanta, ban san kan inji ba. Wanda ke koya mini ya ce ba sai na sani ba, baki shi ne jari. Ya kuma ce jami'in sayayya in ba a ware masa nasa ba, takardarka a teburinsa za ta tsufa. Shin aikin ya halatta? Me ya wajaba in sani kafin in fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, aikin halal ne, Allah ya sa maka albarka a cikinsa. Kayan masu amfani ne, kai kuma wakilin kamfani ne da ake biya lada. Kamashon ma babu laifi. Imamu Bukhari ya ambata cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a ladan dillali ba. Sai dai malamai da yawa sun sharɗanta a san adadin ladan tun farko, don haka a rubuta: kashi nawa cikin ɗari, na farashi ne ko na riba, kuma yaushe ya zama haƙƙinka, ranar sa hannu ko ranar da kuɗi suka shigo.

Inda na tsaya shi ne maganar mai koya maka, cewa ba sai ka sani ba. Wannan kuskure ne, ko da kuwa shi yana cin abinci da shi. Tirmizi ya ruwaito daga Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, cewa kada wanda ya yi saye da sayarwa a kasuwarmu sai wanda ya fahimci addini. Mutane kan ɗauka fahimtar nan ta tsaya ga sanin riba. Ta wuce nan. A hadisin Hakim ɗan Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe ta. To ta yaya za ka bayyana abin da ba ka sani ba? Ƙa'ida ce a wurin malamai cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka sanin injin da kake talla, gwargwadon abin da zai hana ka cutar da mai saye, farilla ne a kanka.

Na tambayi masu sana'ar kafin in amsa, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. A jikin kowace fokilif akwai ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta ƙarfinta. In ka ga tan 3, nauyin buhun shinkafa 60 mai kilo 50 ke nan, amma da sharaɗi: tsakiyar nauyin kayan ta kasance a tazarar da aka rubuta daga gindin ƙahonin, galibi milimita 500 ko 600. Kaya in ya fi haka faɗi, ko aka ɗaga shi can ƙoli, ko aka ƙara wa motar wani ƙarfe na kama kaya, ƙarfin yana raguwa. Mai talla da bai san wannan ba zai ce wa Alhaji "tan uku take ɗauka, ko ina." Ranar da ta tuntsura gaba da kaya a sama, ba Alhaji ne a ƙarƙashinta ba, ɗan dako ne mai iyali. Haka mai amfani da dizal ko gas, hayaƙinta guba ne a rufaffen sito, balle inda ake ajiye abinci. Mai batir ta fi dacewa da ciki, sai dai tsohon samfurin batir yana cin wajen awa 8 a caji, kuma kowa ya san halin wutarmu. Dole a gaya wa mai saye. Sai faɗin lungu tsakanin kantoci: fokilif ta gama-gari tana neman kusan mita 3 da rabi zuwa 4 kafin ta juya da kaya. Sai tsayin ƙofa, da ko za ta shiga kwantena, da ƙarfin daɓen, don motar kanta ta fi kayan da take ɗauka nauyi. Kantocin ma kowane hawa da iyakar abin da zai ɗauka. Ka sa awo a aljihu, ka shiga siton ka auna kafin ka rubuta farashi. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce bari in tambayo injiniya. Imamu Malik ma yana cewa ban sani ba.

Injin da aka riga aka yi amfani da shi ya fi haɗari. Ana yi wa tsohuwa fenti har a rufe farantin, a taɓa agogon da ke ƙirga awannin aikinta, a wanke inda take yoyon mai da safe kafin mai saye ya iso. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da mai tsibin abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi ya cusa hannu ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Cewa "ba ni na yi fentin ba" ba ta fid da kai in ka sani ka yi shiru. Ka faɗi aibin, ka faɗi ko ana samun kayan gyaranta a gari, ka faɗi iyakar garanti. Kuma ka rage rantsuwa: tana sa haja ta tafi, tana shafe albarka.

Batun jami'in sayayya kuwa, ba ya buƙatar dogon bincike. Shi amintaccen kamfaninsu ne, ana biyansa albashi don ya zaɓo abin da ya fi. Abin da ka ba shi a ɓoye don ya zaɓe ka rashawa ce, ko an kira shi na goro, ko kuɗin mai, ko ihsani. Annabi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa? Kuɗin nan ma ai a kan farashi ake ɗora su, mai masana'anta ke biya bai sani ba. Kalanda ko alƙalami da kamfani ke raba wa kowa a fili daban ne. In akwai ragi, a rubuta shi a takarda ya tafi ga mai kuɗin. Za ka rasa wasu cinikin, ban ɓoye maka ba. Kai ma ba ya halatta ka ɗora wani abu a kan farashin kamfaninku ka sa aljihu sai da izininsu.

Saura kayan da babu su a hannu, don yawanci sai an yi oda daga waje. An hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Kada ka ƙulla ciniki a kan wata mota takamaimai da kamfaninku bai mallaka ba. Sabuwa da za a iya siffantawa ana iya yin salam a kanta: a faɗi samfuri da ƙarfi da ranar kawowa, a biya kuɗin duka a gaba, Malikiyya sun yi sauƙin jinkirin kwana 3. Ko a tsaya a alƙawari, sai ta shigo hannunku a ƙulla. Kantocin da ake ƙerawa bisa awon sito suna shiga babin istisna'i, wato cinikin abin da za a ƙera bisa oda, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta halatta biyan kuɗinsa kashi-kashi. Farashin bashi ya fi na hannu da hannu, babu laifi in an tsayar da ɗaya lokacin ƙullawa. Ƙarin da ake yi don an makara biya shi ne riba. Mai saye in yana neman wanda zai saya masa ya biya a hankali, ka nuna masa bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, kada ka zama kai ne mai cika masa takardar bashin ruwa.

In kamfanin ya dage sai ka ba da na goro ko ka ɓoye aibi, ka ƙi wannan ɓangaren ka ci gaba da sauran aikin. In suka ce ko ka yi ko ka tafi, to ka nemi wani wurin.

Allah ne mafi sani.