Tambaya da Amsa: In babu rubutaccen kiɗa, me masu fiyano za su kaɗa?

Tambaya: Salam. Na ga bidiyon wani Bature yana kaɗa fiyano idonsa ƙur a kan takarda, har da wani a gefe yana juya masa shafi. To da ba a taɓa rubuta kiɗa ba fa, ya za su yi? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ai da kiɗa bai tsaya ba ko na kwana ɗaya, da kunne za su koya a gaban maigida, kamar yadda yaron makaɗin kalangu ke koya, a kaɗa ya ji ya maimaita, in ya kuskure a harare shi. Je ka sutudiyo a Kano ka gani, masu fiyanon waƙoƙin fim ba takarda a gabansu, mawaƙi ya rera baiti su laluɓo sautin da yatsa shikenan.

Su kansu Turawan da ka gani, manyansu gwanayen ƙirƙira nan take ne. A 1781 an haɗa Mozart da Clementi gasar fiyano a Biyana, babban birnin Ostiriya, gaban sarki Joseph na biyu, cikin abin da aka gwada su da shi har da kaɗa abin da ya zo musu a ka a lokacin. Erroll Garner na Amurka kuwa, gwanin jaz (wani salon kiɗa da baƙaƙen Amurka suka faro), bai iya karanta rubutun kiɗa ba sam, kuma ya cika ɗakunan taro da 'yan kallo.

Amma fa akwai asara, kar in yi maka daɗin baki. Shi rubutun ya girmi fiyano nesa ba kusa ba, Guido na Arezzo, wani malamin coci ɗan Italiya, ya tsara shi a kan layuka tun wajen 1025, fiyano kuwa sai wajen 1700 Cristofori ya ƙera ta a Italiya, wato a cikin takarda ta buɗe ido. Kiɗa na minti 40 da hannun hagu ke tafiya daban na dama daban, ga makaɗa 60 a bayanka kowa da inda zai shigo, wannan kam da wuya a riƙe shi da ka kawai, dole ya gajarce ya koma amshi da maimaici, kowane ɗalibi ya ƙara nasa gishirin har jikan ɗalibi ya kaɗa abin da maigidan ba zai gane nasa ba ne. Beethoven, gwanin kiɗan Jamus da ya kurmance, ya rasu 1827, rikoda kuwa sai 1877 Edison ya fito da ita, ka ga ba don takarda ba da sai dai mu ji labari wai an yi wani kurma mai iya fiyano.