Kada ka jira sabon Ansible, fara da wanda ke hannu

Malam, kana tambaya ko ka dakata sai sabon Ansible, manhajar da ke tura saiti ga na'urori ta atomatik, ya fito kafin ka fara sarrafa rautocinka (na'urorin rarraba intanet) ƙirar kamfanin MikroTik na Gombe da shi. Kada ka jira. Kusan duk wata shida ake sakin sabon ansible-core, wato ginshiƙin Ansible, wajen Mayu da Nuwamba, ka ga jiran ba shi da ƙarshe. Harkar sarrafa rautoci dai ta dosa wajen NETCONF da gNMI ne, wasu hanyoyin aika wa na'ura saiti, amma kai community.routeros, kunshin Ansible na rautocin MikroTik, ya ishe ka, yana magana da na'urarka ta SSH ko API, hanyoyin shiga na'ura daga nesa. Abin da ka rubuta da YAML (tsarin rubuta umarnin Ansible) yau, gyara kaɗan zai nema gobe.

Sharaɗi ɗaya: kada ka tura saiti ga rautoci duka lokaci guda. Na taɓa yi, layi ɗaya na dokar tace zirga-zirga ya rufe mini ƙofar rautar Kumo, sai da na shiga mota da laftof da waya a jaka. Tun ranar nake sa serial: 1, wato umarnin a bi rautoci ɗaya bayan ɗaya, in fara adana tsohon saitin. Sabon fitowa kuma, gwada shi kan rautar ofis tukuna, don yakan nemi sabon Python, yaren da aka rubuta Ansible da shi.