Amsa: Wayar taransifomar jirgin ƙasa na wasa

Malam, kana neman wayar wuta mai kama da ta asali don taransifomar jirgin wasa ta kamfanin Lionel na Amurka da ka gada wurin mahaifinka. Kada ka wahalar da kanka neman tsohuwa, robarta ta bushe, tana farfashewa kamar ɓawon gyaɗa. Je wurin masu gyaran rediyo a kasuwar Gusau, ka nemi baƙar waya mai igiya biyu da filogi mai haƙora biyu masu faɗi. In mai rufin zare ce, wayar dutsen guga ta fi kusa.

Amma duba rubutun jikin taransifomar tukuna. Ta Amurka wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 take ci, wutarmu ta nan kuwa 230 ce. Na taɓa jona tawa kai tsaye, nan take ɗaki ya cika da ƙauri. Dole sai ka haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta.